Ba Don Ajinmu Aka Rubuta Su Ba

Duk taron bitar da za a kira wa malaman Turanci a 'yan shekarun nan, da magana ɗaya ake rufe shi: yanzu malami ba shi da uzuri, komai yana intanet. Mai jawabi zai ɗaga wayarsa, ya lissafo TeachingEnglish na British Council, da BBC Learning English, da darussan Muryar Amurka, ya ce ga shirin darasi nan birjik kyauta, ga takardun aiki, ga murya, ga bidiyo, sai dai wanda bai ga dama ba. Jami'an ma'aikatun ilimi sun rungumi wannan magana, masu makarantun kuɗi sun rungume ta, har iyaye sun fara maimaita ta. Ni kuwa ina lissafa ta cikin maganganun da suka fi cutar da koyar da Turanci a ƙasar Hausa. Ta sauke laifi daga kan masu shi ta ɗora wa malami, sannan ta rufe tambayar da ya kamata a fara yi: wa aka rubuta wa waɗannan darussa?

Kayan ba na banza ba ne, wannan babu musu. BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo a 1943, Muryar Amurka kuma ta fara shirinta na Turanci mai sauƙi a 1959, ana magana a hankali da kalmomi wajen 1,500. Ƙwararru ne suke rubuta su, kuma sun san aikinsu. Sai dai ajin da ke cikin zuciyarsu lokacin da suke rubutu ba namu ba ne. Ɗaki ne mai ɗalibai goma sha wani abu, da yawansu manya ko matasa, kowa ya iya karatu da rubutu a harshen gidansu, kowa da kujerarsa da littafinsa, ga majigi a bango, ga firinta a ofis. Matakan da ake rarraba darussan a kansu, daga A1 zuwa C2, Majalisar Turai ce ta fitar da su a 2001 domin mutanen Turai masu koyon harsunan juna.

Mu buɗe shiri guda irin wanda ake saukewa mu gani. Zai ce a raba wa kowane ɗalibi takarda, a kunna musu hira sau biyu su saurara, sannan su tashi su zagaya aji, kowa ya yi wa mutum biyar tambaya. To ɗauki wannan ka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandaren gwamnati a Kano ko Gusau. Yara ɗari da ɗoriya, huɗu ko biyar a benci, ragowar a ƙasa har gindin allo. Kuɗin fotokwafi daga aljihun malam zai fito, shi da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Muryar da ya kunna a waya ba ta wuce layi na uku. Tashi a zagaya kuwa, ta ina? Babu wurin ajiye ƙafa, kuma idan yara ɗari suka miƙe lokaci guda, minti arba'in ɗin darasin zai ƙare wajen zaunar da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Wanda ya kasa cika wannan alkawari shi ne yau yake cewa malami ba shi da uzuri.

Sai abin da darasin ke magana a kai: yadda ake kama ɗaki a otal, hutun bazara a bakin teku, dusar ƙanƙara, karen da ake kai wa likita. Yaron da ya fito daga Ɗambatta an ɗora masa kaya biyu ke nan, baƙon harshe da baƙuwar rayuwa. Ba ina cewa kada yaro ya san duniya ba. Amma mai koyon sabon harshe yana bukatar ya riga ya san abin da ake zance a kai, domin ƙwaƙwalwarsa ta yi aiki ɗaya. Ranar kasuwa, cirar gyaɗa, hawan salla, layin ɗibar ruwa a famfo, rigimar kuɗin Keke Napep, a kan waɗannan yaro yake da abin faɗa, kuma wanda yake da abin faɗa shi ne yake neman kalmar faɗarsa.

Duk wannan ma mai sauƙi ne, malami mai dabara zai iya sauya otal ya koma tasha. Babbar illar ita ce kusan dukkan kayan nan da Turanci zalla aka rubuta su, babu gurbin harshen yaro ko kaɗan. Dalilin a fili yake: wanda yake rubuta wa Brazil da Japan da Turkiyya darasi ɗaya ba zai iya sa harshen kowa a ciki ba. Larura ce ta mai rubuta wa duniya baki ɗaya. Mu kuma sai muka ɗauke ta a matsayin ƙa'idar koyarwa, ta zo ta ƙarfafa tsohuwar aƙidar da muka gada, wai Turanci ba ya koyuwa sai da Turanci. Aƙidar tana da tarihi. A 1961 an yi babban taro a Makerere ta Uganda kan koyar da Turanci a ƙasashen renon Ingila. Shekaru talatin da ɗaya bayan haka, a 1992, masani Robert Phillipson ya bi diddigin ra'ayoyin da suka ginu daga can, ya ware guda biyar ya ce kurakurai ne: cewa a koyar da Turanci zalla, cewa Bature ɗan asalin harshen shi ne malamin da ya fi, cewa da wuri-wuri ya fi, cewa yawan sa'o'i shi ne nasara, da cewa amfani da wasu harsuna yana lalata Turanci. Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya ga 'ya'yan wannan aƙida da idonsa: monita da takardarsa yana rubuta sunayen masu "banakula", a ci su tara ko a zane su. Sakamakon shi ne aji ya yi tsit. Yaron da ake duka idan ya yi Hausa, ake masa dariya idan ya yi Turanci, shiru yake koya.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Malamin da ya ga yara sun ɓace, ya juya ya yi musu bayani da Hausa cikin jimla biyu suka gane, yana yin haka ne a ɓoye, yana waiwayen taga kada mai duba makarantu ya ji. Mafi amfanin abin da yake da shi a hannu an mayar masa da shi abin kunya.

Hujja kuwa ba ta gefen masu hana shi. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife: a koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu fannonin ma sun wuce su. Mu ma muna da namu tarihin. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, haka makarantun elementare da suka biyo baya. Daga irinsu aka ɗebi waɗanda suka shiga Kwalejin Katsina, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya zama abin kwatance, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Za a ce ai su tsiraru ne zaɓaɓɓu. Gaskiya ne. Amma sun isa shaida cewa fara karatu da Hausa ba ya toshe wa mutum Turanci.

Duk da haka, a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022 zamanin tsohon minista Adamu Adamu, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB. Wanda ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, shekaru uku kafin a haifi manufar. Ta yaya za ta kayar da shi? Manufar da ba a wadata ta da littattafai ba, ba a horar mata da malamai ba, an yanke mata hukunci tun ba ta fara tafiya ba. Yanzu an ce Turanci tun daga ajin farko, kuma idan malami ya tambayi da me zai koyar, a nuna masa waya.

Akwai ilimin da ke kan malamin Bahaushe wanda ba za a same shi a waɗancan shafuka ba. Ya san yaronsa zai haɗa sautin p da f, domin Hausa ba ta raba su ba, don haka sai ya sa takarda a gaban leɓe yaro ya ga bambancin iskar da idonsa. Ya san zai cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda kakanninmu suka yi har muka samu burodi da sukurudireba. Ya san kalmar "ji" ɗaya ce a wurinmu ta ɗauke sauraro da sansana da ɗanɗano da fahimta, alhali Turanci ya rarraba su, kuma daga nan kuskuren yake fitowa. Ya kuma san inda Hausa take taimako: yaronmu ya saba bambanta namiji da mace a lamiri, ya saba da dogon wasali da gajere, abubuwan da ke wahalar da masu wasu harsunan. Mai rubuta darasi a Landan bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. A Maraɗi da Damagaram abin ya ƙara nisa, domin yaro yana haɗuwa da Turanci ne a sakandare bayan Faransanci, sau da yawa a yi masa bayanin baƙon harshe da wani baƙon harshen, ga Hausar da shi da malamin suke yi a gida tana zaune a bakin ƙofa.

Masu ra'ayin intanet suna da amsa guda mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Suna cewa malaman namu da yawa su kansu Turancinsu bai nuna ba, gara a ba su abin da ƙwararru suka shirya. Rabin farko gaskiya ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. An yi ta jayayya kan yadda aka yi jarrabawar, amma babu mai cewa matsalar ƙirƙirarta aka yi. Sai dai rabin na biyu bai biyo daga na farko ba. Malamin da Turancinsa ke rawa, shi ne shirin darasi mai shafi huɗu da Turanci zalla zai fi rikitawa. Abin da zai yi shi ne ya kwafe rubutun a allo, yara su kwafe a littafi, a tashi. Na ga allon da aka cika da umarnin da aka rubuta domin malami, yara suna ta kwafa da zaton darasi ne. Maganin raunin malami shi ne a koya masa Turanci, a kwalejin ilimi da kuma bayan ya kama aiki, a biya shi albashin da zai sa mai ƙwazo ya zauna. A nan ne kayan intanet suke da amfani na gaske: malam ya saurari BBC kullum domin kunnensa da harshensa, ya karanta domin kansa. Abincin malami ne kafin ya shiga aji, ba abin da zai juye wa yara ba.

Kuma ba yau aka fara tunanin aji irin namu ba. Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilimi a Bengal, ya fitar da littafi a 1960 kan koyar da Turanci cikin mawuyacin hali, wato aji mai cunkoso da zafi da ƙarancin kaya, ya kuma fifita karatu da ƙananan littattafai masu ƙididdigaggun kalmomi. A Zariya an taɓa buga Hanyar Taɗi da Turanci domin Bahaushe mai koyo, Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa. A 'yan shekarun baya shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da RANA a Katsina da Zamfara, sun bi hanyar da ta dace: yaro ya fara iya karatu da Hausa, domin wanda bai iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ba, ba zai iya a wanda ba ya ji ba. Amma da kuɗin masu ba da agaji daga waje aka yi su, kuma irin wannan aiki yana da wa'adi.

Abin da nake nema daga gwamnatocin jihohinmu bai fi ƙarfinsu ba. Kuɗin da ake kashewa a taron bita na kwana uku a otal, a ba malaman kwalejojin ilimi na Gumel da Azare da Maru da Dutsin-Ma, su zauna da malaman aji waɗanda alli ya ci wa hannu, su rubuta darussan Turanci na zango-zango. Bayanin malami ya kasance da Hausa, aikin ya zama wanda za a iya yi da allo da alli da yara ɗari a zaune, labaran su fito daga garuruwan yaran, kuma a nufi abin da WAEC take tambaya, wato wasiƙa da insha'i da fahimtar rubutu da taƙaitawa. A buga su a takarda a kai kowace makaranta, a naɗi muryoyin a sa a gidajen rediyon jiha, sannan a ɗora su a intanet ga mai data. Ma'aikatar ilimi kuma ta rubuta wa masu duba makarantu takarda cewa malamin da ya yi bayani da Hausa a darasin Turanci bai yi laifi ba.