Sharar Kano taki ce, in an raba ta da leda

Duk wanda ya bi hanyar Gezawa zuwa Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, a ƙarshen rani zai ga tarin taki a gonaki, ana jiran ruwan shuka. Gonakin nan ba su san hutu ba. Kowace damina sai an noma su, gero da dawa da wake a gona ɗaya, kuma har yau suna ba da amfani. Sirrin shi ne kashin awaki da tumaki, tokar murhu da sharar gida. Dabbobi su ci harawa, su mayar wa gona da taki.

Tun a shekarun 1960 masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya yi bayanin yadda jakuna ke kai itace birnin Kano su komo ƙauye da taki. Yanzu tifa ta gaji jaki, amma sharar ta canza. Leda ta mamaye ta, ga fasassun kwalabe da matattun batura. Manomi ya biya kuɗin mota, wanda ya ninka bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan ya tsuguna yana tsintar leda, akuyarsa na haɗiyar wadda ta tsere masa.

A ganina, rabon takin zamani kowace damina bai isa ba. Hukumar REMASAB ta ware wuraren tace shara a kan hanyoyin fita gari, ta sayar wa manoma ruɓaɓɓen taki da rahusa. Magudanun birni za su samu sauƙi kafin ruwan Agusta, hatsin kuma birnin zai dawo.