A sauƙaƙe lasin, amma kada a bar koyarwa

'Yan'uwa, yau za mu kai ku bakin teku, wurin masu ƙananan jiragen ruwa na shan iska a ƙasashen Turawa. Akwai gardama a tsakaninsu a kan rediyon oba-oba, watau wanda ake magana a ciki a kuma ji amsa. Mun ga ya kamata mu sa baki, gama magana ce ta ran mutum.

Tun dā hukuma ba ta barin kowa ya taɓa irin wannan rediyo sai da lasin. Dalilin kuwa sananne ne. A watan Afrilu na 1912 babban jirgin nan Titanic ya nutse, mutum fiye da 1,500 suka hallaka. Akwai wani jirgi kusa, amma mai kula da rediyonsa ya riga ya kwanta, bai ji kiran ba. A shekarar nan Amurka ta kafa dokar lasin rediyo.

A 1996 majalisar Amurka ta sake doka, hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ɗauke wa masu jiragen shan iska wannan nauyi. Wanda ke yawo cikin ruwan ƙasarsu ba ya bukatar lasin, ba ya bukatar jarrabawa. Sai in zai shiga tashar wata ƙasa ne dokar lasin take hawa kansa. Kanada ta ɗauke lasin jirgi a 1999 ga masu zama cikin ruwanta, amma ta ce tilas mai riƙe rediyon ya ci jarrabawa. Ingila kuwa ta bar lasin, sai dai tun Disamba 2006 kyauta ake samunsa ta intanet, mai jirgi kuma sai ya sami takardar shaidar koyo.

Mun yarda da sauƙaƙe lasin. In kuɗi da cike takardu sun yi yawa, mai ƙaramin jirgi yakan fasa sayen rediyo, ya shiga ruwa hannu wofi. Ranar da injin ya mutu ko iska ta taso, ba shi da bakin kira. Dokar da aka kafa domin ceton rai, in ta hana mutum mallakar abin ceton, lalle ta ɓata hanya.

Amma a ganinmu hanyar Kanada da Ingila ta fi, ga dalili. Wannan rediyo ba kamar wayar hannu yake ba. Waya mutum ɗaya take kira, in akwai sabis. Rediyo kuwa duk wanda ke kusa yana ji, shi ne amfaninsa, domin sau da yawa maƙwabcin jirgi ne yake fara isowa. Sai dai layi na 16, wanda duniya ta keɓe domin kira da neman ceto, ɗaya ne tak. Muddin wani ya danne maɓallin magana yana hira, muryarsa tana iya rufe ta wanda ke nutsewa. Kamar rijiyar gari ce: in mutum ɗaya ya tsaya a bakinta yana wanki, sauran sai su kwana da ƙishi. Saboda cunkoson nan ne aka ba masu shan iska a Amurka layi na 9 su riƙa kiran juna a kai.

Ga wani misali. Rediyon zamani yana da jan maɓalli. In an danna, yakan aika lambar jirgin mai alƙaluma tara ta layi na 70, har da inda jirgin yake. Amma sai an yi rajistar lambar, an kuma haɗa rediyon da na'urar nuna wuri. Wanda ba a koya masa ba yakan danna, masu ceto su ji kuka, su rasa inda za su nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce jarrabawa ma shinge ce. Gaskiya ne, in an tsawwala kuɗinta. Amma abin da ake koya kaɗan ne, wuni ɗaya ko biyu ya isa: ka faɗi "Mayday" sau uku, ka faɗi sunan jirgi, da inda kake, da abin da ya same ka, da yawan mutanen da ke ciki, sa'an nan ka saki maɓalli ka saurara.

Mu ma muna da rabo a wannan magana. Ƙungiyoyinmu na bakin Kwara da Binuwai da kwalekwale suke kai hatsi kasuwa. Ba mu manta da Yunin 2023 ba, da jirgi ya kife a yankin Patigi, fiye da mutum 100 suka rasu. Ƙungiyar da take shawarar sayen oba-oba ta fara neman iznin hukuma. Ta zaɓi wanda zai zauna yana sauraro a tudu muddin jirgi yana kan ruwa. Ta koya wa kowane matuƙi kafin a ba shi a hannu, a kuma riƙa gwadawa tun kafin damina ta cika kogi.