Kafin Ki Sayi Sola, Zauna Ki Yi Lissafi

Yau zancenmu a kan wutar lantarki mai aiki da hasken rana ne, wadda kowa ya fi sani da sola, musamman ga wadda ke zaune a ƙauye, ko gidan gona, ko sabuwar unguwa can bayan gari inda turakun lantarki ba su kai ba. Wata za ta ce ina ruwan mace da wannan, ai sha'anin maigida ne. To, uwargida, dakata ki ji. Ke kike kwana da yara cikin zafi kina fifita, ke kike lalube cikin duhu in jariri ya farka, kuma sau da yawa kwasar adashinki ko tunkiyar da kika sha wahalar kiwo ake haɗawa a cika kuɗin kayan. Ashe kuwa kina da ta cewa.

Me ya sa zancen sola ya cika gari? Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Nan take ƙaramin janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Cikin watan Oktoba 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babbar wayar da ta taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya hanyar da ta biyo ta Binuwai ita ma ta sami matsala. Idan mutanen birni sun ga haka, ina ga wanda tun asali waya ba ta je garinsu ba? A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da lantarki ko kaɗan.

Gwamnati dai ba ta naɗe hannu ba. A watan Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 750 domin shirin kai wutar sola ga mutum miliyan 17 da rabi, ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Amma fa ƙananan tashoshin da ake kafawa sun fi biyan kuɗinsu a garin da gidaje da shaguna suka taru wuri ɗaya. Gidan da ke shi kaɗai a bakin gona, nisan tafiyar awa guda daga titi, shi ne zai zo a ƙarshen layi. Irin wannan gida iya ruwa fid da kai ne. Abin daɗin ji shi ne farashin farantin sola a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Abin takaici kuwa, faɗuwar darajar Naira tun 2023 ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi, domin yawancin kayan daga waje ake shigo da su. Watau kuɗin suna da yawa ƙwarai, kuskure ɗaya sai ya jawo asarar da za a daɗe ana jin zafinta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da kasuwa. Maigida ya je shago ya ce a ba shi sola ta kuɗi kaza, a kawo a ɗaura, bayan wata uku wuta ta riƙa ɗaukewa tun ƙarfe goma na dare, a shiga zargin mai shago. Alhali kuwa ba a dafa tuwo sai an san bakin da za su ci. Kamata ya yi a fara daga ɗaka, kuma ba wanda ya san abin da gida ke ci kamar ke.

Ga yadda ake yi. Kowane kayan lantarki akwai lambar da aka rubuta a jikinsa tare da harafin W, watau wat, ita ce ke nuna yawan cinsa. Sai ki ninka wannan lamba da yawan awoyin da za a kunna shi a yini, abin da ya fito shi ake kira wat-awa. Ki ɗauke shi kamar mudun da kike auna hatsi da shi. Alal misali, ƙwan fitila 4 irin na zamani masu wat 5, na awa 5, sun ci 100. Fanka 2 masu wat 40, na awa 8, sun ci 640. Talabijin mai wat 40, na awa 3, ya ci 120. Cajin wayar hannu 4, a ba kowace 10, ya zama 40. Jimla 900 ke nan. Da yake wuta tana zurarewa a cikin wayoyi da batir da na'urori, sai ki ƙara sulusi a kai, ya zama 1,200. Wannan shi ne cefanen gidanki na wuta a kowace rana.

Daga nan sai faranti. Ko da yake rana tana yini a sama, ƙarfinta na sosai a ƙasashenmu na Arewa bai wuce kimanin awa 5 zuwa 6 ba, kuma yana raguwa cikin watan Agusta saboda hadari, da lokacin hunturu saboda ƙura. Mai hankali da ranar wuya yake lissafi, saboda haka ki raba 1,200 gida 4. Amsa ita ce 300. Farantin da ya kai wat 300 shi ne daidai wannan gida. Wani sauƙi da muka samu shi ne, lokacin da rana ta fi ƙaranci, watau tsakiyar damina, shi ne lokacin da ba a cika bukatar fanka ba.

Batir shi ne rumbun gidan, a cikinsa ake tara abin da za a ci da dare, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa. Idan kin ga an rubuta 12V da 200Ah a jikinsa, ki ninka su, ya ba ki 2,400. Amma batir mai ruwa, irin na dalma, ba a son a ci fiye da rabinsa, in ba haka ba kwanansa ya ƙare da wuri. Rabin kuwa 1,200 ne, daidai da lissafinmu. Akwai kuma batirin litiyam, wanda ake iya cin kashi 8 ko 9 cikin 10 na abin da ke cikinsa, ga shi yana shekaru fiye da wancan nesa ba kusa ba, har mai 100Ah yakan yi kusan aikin da mai dalma 200Ah ke yi. Tsadarsa a ranar saye take. Wadda ke nesa da gari, inda ɗauko sabon batir sai an yi hayar mota, ta auna wannan da kyau. Batirin gwanjo kuwa, araha ba ta ado.

Sauran kaya biyu su ne kwanturola, mai tsare batir kada ya cika ya wuce kima ko ya zuƙe ƙarƙaf, da inbata, mai juya wutar batir ta koma irin wadda talabijin da sauran kayan gida ke amfani da ita. Kada ki yarda a haɗa faranti da batir kai tsaye ba kwanturola don a rage kuɗi. Inbata kuma tana cin nata rabon ko ba a kunna komai ba, don haka a kashe ta in ba a aiki da ita. Akwai fitilu da fankoki masu aiki da wutar batir kai tsaye, waɗanda suka fi dacewa da ƙaramin gida.

Yanzu ga inda rigima take tashi. Dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1,000. Gugar awa ɗaya ta fi abin da fitilu da fankoki da talabijin suka ci a yini duka. Haka abin dafa ruwa da murhun lantarki. Waɗannan a bar su, dutsen guga na gawayi bai tsufa ba. Firji kuma yakan ci wat-awa 1,000 ko fiye a yini lokacin bazara, watau sai an ninka faranti da batir. Idan sana'ar zoɓo ko kunun aya ko ƙanƙara kike nufi, to, ki lissafa ribar wata nawa za ta mayar da kuɗin kafin ki sa hannu. Famfon jan ruwa na gona shi ba ya bukatar batir, a ja ruwa da rana a tara a tanki, a sha da dare.

Bayan an saya, sauran kula, ita ma yawanci a hannunki za ta faɗo. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi kaɗan yadda ruwan sama zai gangare. A nisanta shi da inuwar darbejiya ko mangwaro, domin inuwar reshe ɗaya tana iya rage wutar sosai. Da hunturu a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma sa'ad da ya huce, kuma babba ne zai yi, ba yaro za a tura kan rufi ba. Batir ba ya son zafi. A ajiye shi a wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu da ɗakin kwanan yara, domin mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta yayin da yake caji. Ki tabbata an sa fis kusa da batir, an kuma yi aiki da waya mai kauri, siririyar waya ita ke zafi ta jawo gobara. In batir ya mutu a mayar wa dila, kada a fasa shi a gida. Dalma guba ce. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara wajen 400.

Wadda ƙarfinta bai kai wannan ba kada ta karaya. Akwai ƙananan na'urori masu fitila uku ko huɗu da wurin cajin waya, waɗansu kamfanoni ma suna bayarwa a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Sai dai ki tambayi jimlar abin da za ki biya har ƙarshe, ki kuma sani in biya ya tsaya na'urar takan kulle kanta. Daidai ruwa daidai tsaki. Kowane iri za a saya, a karɓi rasit da takardar garanti, a kuma san inda za a sami mai gyara tun kafin bukata ta taso.

Ku kuma 'yan makaranta, duk lissafin nan ninkawa ne da tarawa da rabawa, irin wanda kuka koya tun firamare. Ki ɗauki takarda da fensir yau, ki zagaya gida ki rubuta lambar da ke jikin kowane kaya, ki zauna da Inna ku fitar da jimla. Ranar da Baba zai tafi kasuwa, a miƙa masa takardar ya sa a aljihu. Mai shagon da ya ga an zo masa da lissafi a rubuce ya san ba a zo a yi masa kyautar kuɗi ba.