Gajiyar Tsuntsayen Ƙaura da Jarin Masu Kiwon Kaji a Bauchi

Masu kiwon kaji a Shadawanka da sauran unguwannin birnin Bauchi, waɗanda ke kai ƙwai da kaji kasuwannin Muda Lawal da Wunti, sun saba lissafin kuɗin abinci da magani da wutar lantarki. Akwai wani lissafi da ba kasafai yake shiga littafinsu ba, shi ne halin da jikin tsuntsayen ƙaura ke ciki sa'ad da suka sauka a arewacin Nijeriya da kaka.

Kowace shekara, daga wajejen watan Oktoba, agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa na barin Turai da yammacin Asiya, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi, sa'an nan su juya gida wajejen watan Maris. Kogin Jama'are, wanda ya ratsa arewacin Jihar Bauchi, yana cikin masu shayar da wannan dausayi.

Tafiyar tana da tsada ga jikin tsuntsu. Kafin ya tashi sai ya tara kitse, wanda shi ne guzurinsa, har ƙaramin tsuntsun da bai kai giram 20 ba kan kusan ninka nauyinsa. Faɗin hamadar ya haura kilomita 1,500, babu abinci, babu ruwan kirki. A kan hanya yana ƙona kitsen, yana kuma taɓa tsokarsa, hanjinsa da hantarsa su ƙanƙance. Kamar ɗan kasuwar da jari ya yi wa ƙaranci, jikin kan rage kashe ƙarfi a wasu sassa, kuma garkuwar jiki, wadda riƙe ta ke cin ƙarfi da abinci mai gina jiki, tana cikin abin da ragin kan shafa. A haka tsuntsun zai sauka cikin dubban 'yan'uwansa a ruwa ɗaya, inda ƙwayar murar tsuntsaye ke yaɗuwa ta kashi. Agwagin daji da yawa suna iya ɗaukar ƙwayar ba tare da sun mutu ba. Kazar gidan gona ba ta da wannan juriya.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, kuma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta shiga a shekarar. Gwamnatin Tarayya ta fara biyan diyyar Naira 250 kan kowace kazar da aka hallaka, kuɗin da bai kai darajar kaza mai ƙwai ba, yayin da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da annobar. Cutar ta sake ɓulla a 2015, haka kuma a 2021. Binciken ƙwayoyin 2006 ya nuna cewa cutar ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya.

Sai dai ɗora wa tsuntsayen laifin duka ba adalci ba ne, kashe su kuma ba magani ba ne, domin harbi yana tarwatsa su ne zuwa sababbin wurare. Da zarar cutar ta shigo, fatauci ne ke yawo da ita: kwalayen ƙwai da ake mayarwa gona, kejin dillalai, tayoyin motoci, takalman ma'aikata da taki da ake sayar wa manoma.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne haɗarin yana da lokaci sananne, don haka ana iya yi masa tanadi. Daga Oktoba zuwa Maris ya kamata mai gona ya rufe tagogin ɗakin kaji da raga, ya daina shayar da su ruwan kududdufi ko na rafi, ya raba su da agwagi da zabi, ya ajiye ruwan magani a ƙofa, ya hana dillalai shiga, ya kuma killace sababbin kaji na mako biyu. In mutuwa ta yi yawa farat ɗaya, ya sanar da likitan dabbobi don a aika samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, maimakon ya yi gaggawar kai ragowar kasuwa.

Ya kamata bankuna da kamfanonin inshora su sa waɗannan matakai cikin sharuɗɗan bashi, hukumomi kuma su riƙa gwajin tsuntsayen dausayi a farkon kaka, su biya diyya daidai da farashin kasuwa cikin hanzari, domin wanda ke tsoron hasara ba zai kai rahoto ba. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin raga da ruwan magani bai kai na garken kaji ba.