Dutsen Dala Yana Bukatar Mai Tsaronsa

Jama'a, a wannan mako zancenmu na dutse ne. Mu da muka tashi a Nguru da Gashuwa, ƙasar rairayi da fadama, ba mu saba da dutse ba, har ma wanda ya fara zuwa Kano yakan tsaya yana kallon Dala kamar ya ga abin al'ajabi. Mutanen birni kuwa, saboda sabo, sun daina ɗaga kai su dube shi.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne labarin wasu mutane da ake kira Haida, mazauna tsibirai a gaɓar yammacin Kanada. A arewacin babban tsibirinsu akwai wani dutse a bakin teku, wanda Turawa suka kira Tow Hill, su kuwa suna ce masa Taaw Tldáaw. Asalinsa narkakken dutse ne da ya ɓullo daga cikin ƙasa ya sandare. A labarun kakanninsu, wannan dutse mai rai ne, ya yi faɗa da ɗan'uwansa a kan rabon abinci, ya yi fushi ya ƙaura zuwa inda yake yanzu. Turawa sun laƙaba wa tsibiran sunan wata sarauniyar Ingila, amma mutanen nan ba su gaji da neman haƙƙinsu ba, har a 2010 aka mayar da sunan Haida Gwaii. Dutsen yana cikin gandun da hukuma ke tsarewa, ba mai gina gida a jikinsa.

To, mu dawo gida. Dala ba dutsen aman wuta ba ne, tudu ne na marmara mai tama, kuma wannan tama ita ce ta jawo mutane tun farko. Masu binciken ƙasa sun gano cewa ana narka ƙarfe a gindinsa tun ƙarni na 7, watau sama da shekara 300 kafin Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999. Littafin Tarihin Kano ya ce sunan wani mutum ne, Dala, wanda ya zauna a kan tudun, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura. Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin a ƙarni na 14, sa'an nan a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya kafu a fada. Ko Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, kan Dala ya hau ya zana hoton birnin.

A nan ne wasu ke ja da baya. Na sha jin mai cewa, me za a yi da tudun matsafa? Wannan magana, a ganina, ba ta da tushe. Ba wanda ya ce a koma ga Tsumburbura, Allah ya kiyaye. Amma malaman da suka rubuta Tarihin Kano da Larabci Musulmi ne, ba su kuma ga laifin ambaton Barbushe ba, domin sun san ba a gane girman hasken da ya zo sai an san duhun da ya gabace shi. Shekara wajen 700 ke nan ana kiran salla a kewayen Dala. In ana batun tsawon zamani, ai tudun ya fi zama na masallata.

Halin da yake ciki kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gidaje sun matso har gindinsa, ruwan damina yana zaizaye gefensa shekara da shekaru, ga shara, ga masu mai da kansa makewayi. Marmara ba ta da ƙarfin dutsen fa. Abin da ya zube ya zube ke nan, babu magini da zai mayar. Tun 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano, tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. To, da wace fuska za mu kai baƙi su duba, alhali ita kanta ganuwar an cinye yawancinta da gine-gine?

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin gwamnatin Jihar Kano da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. A shata iyakar tudun a sa ta a takarda, a hana sabon gini a cikinta, a gyara hanyar ruwa, a ɗauki masu gadi daga samarin unguwar a riƙa biyansu. Masu unguwanni da limaman wurin su ne za su fi kowa iya tsawatarwa, in an sa su a ciki tun farko. Makarantu kuma, har da namu na Yobe, su riƙa kai ɗalibai Gidan Makama da safe, da la'asar su hau Dala da malamin tarihi.