Fitilun da ke dalle ido a hanyoyin Katsina: A gyara ɗaurinsu kafin a fara kwance su

Duk wanda ya taɓa tuƙo mota daga Kano zuwa Katsina bayan sallar isha'i ya san wannan matsala. Ana wuce Kankiya ana dosar Charanci, sai babbar mota ta ɓullo daga gaba da fitilu shida ko takwas, wasu a kan bamba, wasu jere a saman kanta. Direban ƙaramar mota zai yi ta ƙyafta mata fitila, amma ko a jikinta. Na ɗan lokaci ba ya ganin kwalta, ba ya ganin gefen hanya, balle mai babur ko amalanken shanu da ke gabansa.

Wannan ɗan lokacin ba wasa ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan hasken ya ɗauke wa direba gani na daƙiƙa 3 kacal, ya yi tafiyar sama da mita 60 a makance, da fasinjoji a bayansa.

Akwai masu cewa a kwance waɗannan fitilu gaba ɗaya a huta. Sai dai kwancewa kaɗai ba za ta yi magani ba, domin direban da aka cire wa fitila yau zai sayi wata gobe, muddin dalilin da ya sa ya ɗaura ta yana nan.

Dalilin direbobi

Da yawa daga cikin motocin da ke ɗauke da waɗannan fitilu tsofaffi ne: roka, wato Marsandi 911 da ke dakon hatsi da shanu, da tsofaffin Daf, da a-kori-kura, da ragowar Fijo 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna. Bayan shekaru 30 ko 40 gilashin ya dushe, madubin da ke cikin fitilar ya yi tsatsa, wayoyi sun tsufa har wutar ba ta isa ƙwan yadda ya kamata. Abin da ke fita bai fi hasken aci-balbal ba.

Ga kuma halin hanya: ramuka, da dabbobi masu tsallakawa, da motocin da suka lalace aka bar su a kan kwalta da ɗan reshen ganye a matsayin alama. Wanda ke bin hanyar Jibiya ko Batsari ko Dutsin-Ma yana da ƙarin fargaba, domin yana son ya hango shinge ko mutum tun daga nesa. Ba wanda zai ce wa irin wannan direba ba ya buƙatar haske. Inda gizo ke saƙar shi ne, hasken da ya kare shi bai kamata ya jefa na gabansa a rami ba.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Ƙa'idar hanya ta wajabta wa direba ya rage fitilarsa idan ya haɗu da wata mota. Saɓa ƙa'idar fitila laifi ne, amma tarar da jadawalin dokar ya sa masa naira 2,000 ce. Kuɗin da bai kai na fitilar kanta ba, ba zai hana kowa komai ba.

Ƙari a kan haka, yawancin binciken motoci da rana ake yi, lokacin da fitilun suke a kashe. Jami'i zai iya ƙirga fitilu, amma ba zai san inda suke haskawa ba. Shi ya sa maganar kan ƙare a cacar baki a gefen titi.

A Ostireliya, inda manyan motoci ke ratsa daji mai nisa cikin dare, ba a haramta ƙarin fitila ba. Sharaɗin shi ne a haɗa ta da babbar fitilar mota, yadda da zarar direba ya yi dim, ita ma ta mutu. Irin wannan sharaɗi ne Katsina take buƙata, kuma ba ya cin wani kuɗi mai yawa.

Yadda ya kamata a ɗaura

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin mai mota ya sayi ƙarin fitila, ya fara da ta asali: a wanke ko a sauya gilashi, a sa sabon madubi, a ja sabuwar waya. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da hasken da ya ɓace. A kuma guji cusa ƙwan LED a cikin gidan fitilar da aka ƙera don tsohon ƙwai, domin hasken watsuwa yake yi ya shiga idon jama'a.

Idan ƙarin ya zama dole, a tsaya a guda 2, dama da hagu, a ɗaure su da ƙarfe mai ƙwari don kada gargada ta ɗaga su sama. Mai gyaran waya, wato riwaya, ya sa musu rile da fis nasu, ya kuma tabbatar ƙarfinsu ya dace da motar, tunda ƙananan motoci bolt 12 suke amfani da shi, manya kuma yawanci 24. Jona waya kai tsaye daga batir ba tare da fis ba hanya ce ta gobara.

Saita fitila ma ba ya buƙatar na'ura. A tsayar da mota mita 10 daga bango a fili mai laushi ɗaya, a kunna dim. Saman hasken ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. A lokacin hazon hunturu kuwa, fitilar saman kai cutar da mai ita take yi, domin ƙura na maido masa da hasken. Wadda aka ɗaura ƙasa-ƙasa ta fi amfani.

A cikin gari babu uzuri ko kaɗan. Tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, inda masu Keke Napep da babura da masu tafiya a ƙafa ke cakuɗe, fitilar daji ba ta da wurin zama. Haka nan fitilu masu walƙiyar ja da shuɗi na jami'an tsaro da motocin agaji ne. A jihar da ke fama da matsalar tsaro, barin kowa ya ɗaura su ganganci ne, kuma su kam a kwance su nan take.

Aikin yana wuyan mutane sanannu. Jami'an VIO su sa gwajin fitila cikin binciken lafiyar mota kafin su ba da takarda. KASSAROTA da FRSC su riƙa fita da daddare, su ce wa direba ya yi dim a gabansu: idan ƙarin fitilun sun mutu ya wuce, idan ba su mutu ba a tura shi gyara. Shugabannin NURTW da NARTO su yi irin wannan gwaji a tasha kafin mota ta yi lodi. Masu gyaran waya kuma su daina haɗa fitilar da suka san za ta makantar da wani, ko da mai motar ya matsa, domin su ma da iyalansu wannan hanyar suke bi.