Araha Ba Ta Ado: Ciwon Karfasar Tafkin Volta

Wannan makon maganar kifi zan yi, don na san da yawa cikin masu karanta filin nan da shi suke ci da iyali, daga masu sarin karfasa a Akosombo zuwa iyayenmu mata masu banda da suya a zangunan Kumasi da Nima.

Tafkin Volta na ƙasar Gana ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kuma a cikinsa ake kiwon mafi yawan karfasar gona ta ƙasar, a kejin raga da ke shawagi a kan ruwa. Da kiwon ya bunƙasa, sai kifi ya riƙa mutuwa. Masana daga Cefas, cibiyar binciken kifi ta gwamnatin Birtaniya, tare da Hukumar Kamun Kifi ta Gana suka ɗebi kifaye marasa lafiya suka auna. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna wata ƙwayar bakteriya mai suna Streptococcus agalactiae, nau'in da suka yi wa lamba ST261, tana da hannu a mace-macen.

Ƙwayar tana shiga jinin kifi ta wuce ƙwaƙwalwa da ido. Shi ya sa za ka ga yana juyawa a ruwa kamar mai hajijiya, idonsa ya kumbura ya yi hazo, ya daina cin abinci. Ta fi yin ƙarfi idan ruwa ya yi zafi, aka cunkusa kifi a keji, iskar cikin ruwa ta yi ƙaranci. An taɓa ganin wannan nau'in a wasu ƙasashe masu nisa, abin da ya sa masana ke zargin safarar kifi mai rai ce ke yaɗa shi. To kun ga maganar ta zo ƙofar gidanmu, mu masu tsallaka iyaka da kaya. Duk wanda ya ɗauki 'ya'yan kifi daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da takardar likitan dabbobi ba, yana iya kai wa ɗan uwansa annoba a jarka.

Ga inda nake so mu tsaya. Idan ciwo ya faɗa gona, mai gona zai yi sauri ya kwashe abin da ya rage ya karyar da farashi. Ranar nan ce ake kiran ɗan kasuwa a waya a ce ya zo ga garaɓasa. Wani zai ce ai mushen kifi halal ne. Haka ne, amma halaccinsa bai hana shi ruɓewa ba. Kifin da ya mutu ya kwana a ruwan zafi ya fara lalacewa tun kafin ya hau mota, kuma hayaƙin banda yana ɓoye wari ne kawai. Mai sayen da ka cuta sau ɗaya ba ta dawowa, kuma a zango labari ba ya kwana.

Abu na biyu shi ne magani. Wasu masu gona kan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su tetarasaikilin cikin abincin kifi ba tare da awo ba. Kifin da ya kamu ya riga ya daina ci, don haka maganin ba ya isa gare shi. Masu sauran lafiya ne ke cinye shi. Kowane irin maganin nan yana da kwanakin da ake jira ya fita daga jikin kifi kafin a sayar. In ba a jira ba, ragowar tana ƙarewa a tukunyar gidanka, ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da maganin har ya daina aiki. Ba kowace mutuwar kifi ce ma ta bakteriya ba. A ƙarshen 2018 wata cutar bairos mai suna ISKNV ta yi ɓarna sosai a tafkin, ita kuwa wannan magani ba ya taɓa ta. Allurar rigakafi gwamnati ta koma yi wa kifin.

Shin ciwon yana kama mutum? Nau'in da aka samu a Volta na kifi ne. Amma yana da ɗan uwa, ST283, wanda a 2015 ya kwantar da aƙalla mutum 146 a Singafo bayan sun ci ɗanyen kifin ruwan daɗi. Mu dai ba ma cin ɗanye, kuma dahuwa mai kyau tana kashe ƙwayar. Inda hankalina ya fi tashi shi ne hannun masu gyaran kifi. Ƙaya ta soke ki, Hajiya, ki wanke da sabulu nan take, ki rufe ciwon. In ya kumbura ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za ki.

Shawarata ga mai sari: ka tambayi mai gona yaushe ya ba da magani na ƙarshe, kuma me ya sa farashi ya faɗi. Ka duba idon kifi, ka danna jikinsa ka ga ko naman ya dawo, ka sa ƙanƙara tun daga bakin ruwa. Wanda ya ƙi amsa tambayarka, bar masa kayansa.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ake adana banda a lokacin damina. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.